Tsohon Belin Keke

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggonka, a shafa min kan 'yarka Maballi. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ƙanwata matarka, Ya raya mana abin da ta bari.

Tun da ka kashe wayarka ka mayar da ni zamanin takarda da biro, ga shi na biyo ka. Zan riƙa ba direban motar kayan nan da ke sauke kwalaye a layin shagonku Litinin da Alhamis. Ya ce ya san ka, wai ba kai ne mai gyaran keken ɗinkin nan da ba ya dariya ba? Na ce masa ai da can ma ba ka cika wahalar da haƙoranka ba.

Gwaggo ta kira ni shekaranjiya, kuma ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce yarinya ba ta barci. Ta lumshe ido kaɗan ta farka da kuka, ta kama fida ta saki don gajiya, ta sake dasa wani kukan. Ta ce ita da rana take fama, kai kuma daga dawowarka shago har wayewar gari kana zagaye ɗaki da ita a kafaɗa. Ta ce ranar Talata an same ka ka kifa kai a kan keken wani tela kana barci da sukuddireba a hannu. Inna mahaifiyarmu tana zaune kusa da ni, duk ta ji.

Ka san ranar da za mu taho bayan zaman makoki Inna ta so mu taho da yarinyar, ka ce a bar maka ita. Ni na tsaya maka, don na ga yadda ka riƙe ta. Yanzu zan gaya maka gaskiya tun da wuri. Ƙarshen watan nan za a yi mata awo. In nauyinta bai ƙaru yadda ya kamata ba, kuma barcin bai daidaita ba, zan zo da zanen goyo in taho da ita. Ba horo ba ne. Yarinyar mako bakwai ba ta da ƙarfin da za ta jira mu gama tausayin juna.

Kafin nan ka saurare ni, shekara ashirin da shida na yi a ɗakin yara na asibiti. Ka kwantar da ita rigingine a ɗan gadonta, katifa mai tauri, ba filo, ba tulin zannuwa. Bayan kowace fida ka ɗora ta a kafaɗa har ta yi gyatsa, ko da za ka yi ta jira. Da rana a buɗe taga ta ga haske, da dare a rage fitila a daina yi mata surutu, ta koyi bambancinsu. Kada ku jira sai ta ɓarke da kuka, da ta fara hamma tana kawar da kai a kwantar da ita. Kuma in wani ya kawo maka maganin sa yara barci, ko wane ne shi, ka zubar. In ta yi zazzaɓi ko ta ƙi shan madara gaba ɗaya, asibiti kai tsaye, ba sai ka rubuto min ba.

Kai kuma yaya kake? Ka amsa min wannan, kada ka tsallake.

Ka huta lafiya, in an bar ka.

Yayarku

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da yara, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Haƙuri mun gode Allah.

Wayar ba don ke na kashe ba. Ƙararta na tayar da yarinya, kuma duk wanda ya kira ta'aziyya zai yi. Amsa ɗaya nake da ita, na gaji da maimaita ta.

Duk abin da kika ce na yi. Na cire filon da Gwaggo ta sa, ta yi fushi na yini ɗaya. Na sami yadi mai kauri na kafa a tagar da fitilar titi ke shigowa. Gyatsa tana yi, wani lokaci har da ƙari a bayan rigata. Na kai ta asibiti ranar Laraba, likita ya duba kunne da ciki da komai ya ce lafiyarta ƙalau, wasu yaran haka suke, mu yi haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, Yaya, har na rasa inda zan ajiye shi.

Ina rubuta lokacin barcinta a bayan kalanda. Mafi tsawo a makon nan minti arba'in. Sai ta yi kamar ta tafi, jikinta ya saki, in lallaɓa in ajiye ta, in zare hannuna a hankali. Kafin in miƙe ta buɗe ido tana juya kai dama da hagu kamar mai sauraren wani abu. In ba ta ji ba sai ta fara.

Ni mai gyara ne. In an kawo min keke yana tsallake ɗinki, na san wurare huɗu da zan duba, kuma a ɗaya daga ciki zan samu. Wannan na duba ko'ina ban ga inda ya kwance ba.

Kin ce kada in tsallake tambayarki. Ina nan. In an ajiye abinci ina ci. Ina buɗe shago, ina rufewa. Ban yi kuka ba tun ranar, ko a maƙabarta, mutane suna ta yaba min dauriya. Ba dauriya ba ce, babu ne kawai. Kin san in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya taɓa ta ya ji kamar ta wani ce? Haka nake gaba ɗaya. Ko Maballi in na ɗauke ta, na san tawa ce, na san abin da ya kamata in yi mata, ina yi. Ban san ko wannan shi ne son da ake faɗa ba.

Ba zan yi jayayya da Inna ba, jikarta ce. Amma ina roƙo a bar ni zuwa ranar awon kamar yadda kika ce. In aka tafi da ita gidan zai yi shiru, kuma ban shirya wa wannan ba tukuna.

Na bar ki lafiya. A gaishe da mai gida.

Ƙanenki

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Inna na amsawa, ƙafa da sauƙi, bakin ne dai ba sauƙi.

Na karanta takardarka sau uku. Wurin da ka ce tana juya kai kamar mai sauraro, nan na tsaya. Jiya ina wanke-wanke abin ya faɗo min, har na bar famfo a buɗe.

Kai kullum kana shago, ba ka san yadda yinin gidanka yake ba. Mako biyun da na yi a wurinku bayan haihuwa, yarinyar nan barci take yi har sai mun tashe ta shan nono. Ka san a ina? Gefen keken ɗinki. Matarka ba ta jin magana, kai ma shaida ne. Kwana shida da haihuwa na fito daga wanka na same ta a kan keke, wai rigar wata amarya ce ta yi alkawari. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ta ce, “Yaya, dubi nan.” Na duba, ga yarinya a ɗan gadonta ta baje hannuwa tana barci. Ta ɗaga ƙafa daga feda, yarinya ta motsa. Ta ci gaba, yarinya ta koma. Ta yi dariya ta ce, “Wata tara tana jin sa, Yaya. Ita a wurinta wannan ne shiru.”

Ka tuna har ranar da naƙuda ta kama ta ɗinki take yi. Kuma ai a kan keken nan ta laƙaba mata Maballi tun tana ciki, wai ƙarama ce amma ita ke riƙe rigar.

A ɗakin yara mun sha ganin haka. Jariri ba shiru ya saba da shi ba, a ciki hayaniya yake kwana yake tashi. Ku kuma kun bi gida kun kashe komai, kuna tafiya da sanɗa.

To ka yaye wa keken nan zanen da na ga an lulluɓe shi da shi. Ka ja gadonta nesa kaɗan, kamar taku uku, kada ƙarar ta yi mata yawa a kunne. Ka ciyar da ita, ta yi gyatsa, ka kwantar da ita tun idonta biyu, ka hau ka taka. Ba sai ka sa zare ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana kwance keken mutane ai ba za a koya masa taka feda ba.

Ina jiran labari ranar Alhamis. Allah Ya ba mu sa'a.

Yayarku

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna da duk gida.

Na gwada. Ranar Litinin da yamma, da Talata sau biyu, da jiya. Na auna taku uku kamar yadda kika ce. Na taka a hankali, na taka da sauri, na taka matsakaici. Da farko ta yi tsit, ta buɗe ido sosai tana juya kai. Na ce an dace. Ba a yi minti biyu ba ta taɓe baki, ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, har Gwaggo ta shigo ba ɗankwali. Kowane gwaji haka. Kamar ma keken ya fi ɓata mata rai a kan shirun.

Kada ki ce laifin keken ne. Lafiyarsa ƙalau. Kwana shida bayan rasuwar na zauna na kwance shi gaba ɗaya, na wanke, na sa mai, na ɗaure duk abin da ya saki, na sa sabon bel. Yanzu in kina ɗaki na biyu ba za ki san ana taka shi ba. A duk layinmu babu keken da ya kai shi laushi.

Mun leƙa awo jiya don in san inda muke. Nas ɗin ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta sake ɗorawa. Ta ce ta ƙaru amma kaɗan, ba yadda ake so ba. Ta ce yaron da ba ya barci ba ya shan kirki, wanda ba ya shan kirki ba ya barci. Ta tambaye ni ina mamanta. Na gaya mata. Ta ce Allah Ya jiƙanta, na ce amin, ta rubuta wani abu a katin da jan biro.

Na dawo na wuce shago. An kawo min keke uku, na gyara biyu. Na ukun na kwance shi na zauna ina kallon kayan cikinsa a faranti, na kasa tuna me mai shi ya ce yana damunsa.

Saura kwana goma sha biyar. In akwai wata dabara ki turo, zan yi.

Na gode da ɗawainiya. Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Injiniya,

Gaisuwa a taƙaice yau, direba na tsaye a ƙofa yana danna min ham.

Ka ce me? Ka gyara keken?

Kai kam Allah Ya shirye ka. Shekara biyu matarka tana binka ka canza mata bel. A gabana ta yi maka magana ya fi sau biyar, kana cewa gobe. Keken duk telolin gari ya bi ta hannunka, na matarka na nan yana tari. Ranar da bel ɗin ya tsinke tana da ciki wata uku, ta kira ni tana dariya, ta ce ta gaji da jiran gobenka, ta huda bakin biyu da allurar buhu ta haɗe su da fil ɗin mayafinta. Tun daga nan duk zagayen da zai yi sai fil ɗin ya bugi wili. Ƙas, ƙas, ƙas. Mako biyun da na yi a gidanku da ƙarar nan nake kwana a kaina, har na ce mata in ba ta cire ba zan jefa keken ta taga. Ta ce in bari, ita ta saba, in ba ta ji shi ba ma sai ɗinkin ya karkace mata.

Wannan ƙarar yarinyar take nema, Injiniya. Ba keke take nema ba, keken uwarta take nema. Ka kunna mata rabin abin da ta sani ka hana ta rabi, dole ta yi maka kukan da ba ka taɓa ji ba. Ta ji an buɗe ƙofa ne, ta jira, ba wanda ya shigo.

Ban faɗi haka don in ɗora maka laifi ba. Kowa da abin da hannunsa ya yi a makon rasuwar. Ni gidan Inna na bi na wanke labule duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Ina tsohon bel ɗin? Ka nemo shi ka mayar yadda yake, da fil ɗinsa da komai. Kada ka goge, kada ka daidaita, kada ka sa masa mai. Sau ɗaya a rayuwarka ka bar abu a lalace.

Sai na ji daga gare ka.

Yayarku

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Inna.

Tsohon bel ɗin babu shi. Na jefa shi a durom ɗin tarkacen shago tun lokacin, masu kwasa sun kwashe.

Na yi ƙoƙarin kwaikwayo. Na yanka sabon, na haɗa da fil. Na farko bai yi ƙara ba sam, hannuna ya saba lanƙwasa bakin ƙarfe ya kwanta, ko na ce masa kada ya yi sai ya yi. Na biyu na bar kan fil ɗin a waje da gangan, ya yi ƙara amma mai kaifi, tsit tsit, ta firgita. Na uku ya tuɓe daga wili. Na huɗu ya yi kusa, Gwaggo ma ta ce kamar shi ne, amma yarinyar ta saurara ta ƙi. Sabuwar fata ba ta miƙe ba, zagayen ya fi sauri, bugun ba ya faɗowa inda ya saba faɗowa. Na lalata bel huɗu a kwana biyu. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce ko in rufe shago in je in kwanta.

Ashe ɓata abu daidai yadda wani ya ɓata shi ya fi gyara wuya. Ban taɓa sani ba.

Ina ganin ki fara shiri. Na wanke kayanta na jera a jaka, fida biyu, katin awo a aljihun gefe. Madarar da take sha zan rubuta miki sunanta da yadda nake haɗawa. Ba ta son a goge mata fuska da ruwan sanyi. In tana kuka ta fi son kafaɗar hagu.

Ki ce wa Inna na gode da haƙurin da ta yi da ni.

Wassalam.

Ƙanenki

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin sauƙi.

Na iya yin shiru in zo ranar Asabar in ɗauki jaka in ɗauki yarinya, Inna ta ji daɗi, kowa ya ce an yi daidai. Na kwana biyu ina juya abin, na ga ba zan iya ba.

Gwaggo ta ce akwai rigar aikinka mai ruwan toka da ka hana a wanke tun watan jiya. Ta ce ta ɗaga ta za ta jiƙa, ta ji abu a naɗe a aljihun ciki kamar igiya, wani ƙarfe ya soke ta a yatsa. Ta ce ka shigo ka karɓe rigar. Ba gulma ta kawo min ba, yatsan take ba ni labari.

Ba zan kira ka maƙaryaci ba. Bari in ba ka nawa, sai mu zama biyu. Ranar da zan baro gidanku, ina ɗaura ɗankwali, ƙanwata ta ce min, “Yaya, kaina na sara tun jiya, idona har wani haske yake gani.” Na ce rashin barci ne da taurin kan hawa keke, ta sha ruwa ta kwanta. Ni da na shekara ashirin da shida a asibiti. Abin awon jini yana cikin jakata, ban ciro ba, don mota na jira. Kwana biyar bayan nan ka kira ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna, ko mai gidana. Kullum da shi nake tashi, kuma ni ma ban yi kukan kirki ba.

Saboda haka na san akwai abin da mutum ba ya son ya sake ji. Ba zan tilasta maka ba. In ba za ka iya ba, ba wanda zai ga laifinka, zan zo Asabar in riƙe ta kamar ni na haife ta, ka riƙa zuwa duk lokacin da ka so. Amma ka sani zaɓi ne kake yi, ba masu kwasar tarkace suka yi maka ba.

Allah Ya sassauta mana baki ɗaya.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki. Ki yafe min ƙaryar da na yi miki.

Maganar ciwon kai, ni ma ta gaya min, kwana biyu bayan tafiyarki. Na sayo mata magani a kanti na koma shago. In laifi ne, ba ke kaɗai ba ce. Ban san ko wannan zai rage miki wani abu ba. Ni da na karanta naki bai rage min ba, amma na ji kamar an matsa min a benci.

Ga yadda aka yi na gyara keken. Kwana shida da rasuwar, baƙi sun watse, na zo wucewa ta gefensa da bokiti, ƙafata ta taɓa feda. Ya yi zagaye ɗaya. Ƙas. Na juya na ce, “Na'am?” Da bakina na faɗa, Yaya, a ɗakin da ba kowa. Na ajiye bokitin na ɗauko kayan aiki, ban tashi ba sai da na tabbatar keken nan ba zai sake yin wannan ƙarar ba. Ba don na cika mata alkawari na yi ba. Don in rufe masa baki na yi. Bel ɗin kuma na kai shi har bakin durom na kasa saki.

Takardarki ta zo Litinin. Ban yi komai ba ranar. Talata da la'asar na dawo da wuri, Gwaggo ta miƙo min Maballi ta ce hannunta ya mutu. Na ba ta madara, ta sha rabi. Na kwantar da ita. Na ciro tsohon bel ɗin daga aljihu. Fil ɗin ya ɗan yi tsatsa, kuma ta huda ramin a karkace, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In yaron shago ne ya yi min wannan aikin da na kore shi. Na mayar da shi yadda yake, ban taɓa komai ba.

Na taka. Ba zan iya rubuta miki yadda na ji ba. Yarinyar dai ta juya kai sau ɗaya wajen keken, ta tsaya. Ba ta sake juyawa ɗaya gefen ba. Ta yi wata doguwar ajiyar zuciya irin ta manya, hannuwanta suka buɗe. Ban kai ga ƙirga zagaye ɗari ba ta tafi.

Na ji tsoron tsayawa, na ci gaba da takawa. Can Gwaggo ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, ta koma ta dawo da tawul ta ɗora min a kafaɗa ta fita. Sai a lokacin na lura gaban rigata ya jiƙe. Ban san tun yaushe ba. Ƙafar da na ce miki kamar ta wani ce, ta fara dawowa, kuma kin san yadda take yi in za ta dawo. Da zafi take dawowa.

Awa uku da minti goma ta yi. Ta tashi ta shanye fida tas ta nemi ƙari. Jiya ta yi uku da rabi, da dare kuma sau biyu kawai ta farka. Na gane ba sai na yi ta takawa ba, minti goma ya isa, in ta yi nisa sai in sassauta in tsaya. Gwaggo ma ta koyi takawa, tana cewa a tsufanta an mayar da ita tela marar zare.

A aljihun keken na sami riguna biyar da ta yanka ba ta ɗinka ba, ta rubuta da alli a jikin kowace: wata uku, wata shida, har shekara. Tun da ina takawa, na sa zare. Ta wata ukun na gama jiya. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shekara ashirin ina gyara keke, ashe ban iya ɗinki ba.

A matsayina na mai gyara, bel ɗin nan bai wuce wata biyu ba zai sake tsinkewa, fatar ta gama ci. Ban san abin da zan yi ranar ba.

Awo gobe Juma'a. Jakar tana nan a shirye, ban kwance ba. Duk abin da kuka yanke ke da Inna, na amince. Amma ina so a bar min ita. Wannan karon na san ina so.

Na bar ki lafiya. A gaishe min da Inna ƙwarai.

Ƙanenki

*

Injiniya,

Sallama. Gwaggo ta kira ni daga bakin asibiti, na ji abin da sikeli ya ce. Na karanta wa Inna takardarka. Ta tashi ta ɗauke zanen goyon daga kan jakata ta mayar cikin akwatinta.

Ka kwance jakar yarinya. Maganar wata biyu kada ta dame ka, kafin nan ta san kafaɗarka da muryarka, za ka riƙa rage takawar kaɗan kaɗan har ta daina nema. In ya tsinke kafin nan, akwai fil a mayafina.

Ina nan zuwa Asabar duk da haka, ni kaɗai, hannu sake. Ina so in zauna a ɗakin in ji shi. Ka ajiye min tawul ɗin.

Kada ka gyara komai kafin in zo.

Yayarku